Alkawarin Kamfanin Tafiye-Tafiye da Dokar Killace Matafiya a Lokacin Annoba: Abin da Ya Faru a Birtaniya daga 2020 zuwa 2022

Gabatarwa

Mun shirya wannan bayani ne domin wayar da kan jama'a, musamman mazauna karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya waɗanda ake kai wa ƙorafi, a kan wata matsala da ta taso a zamanin annobar korona. Matsalar ita ce: mutum ya biya kamfani kuɗin tafiya, kamfanin ya yi masa alkawarin cewa kuɗinsa ba zai salwanta ba, sai gwamnati ta fito da dokar killace duk wanda ya dawo daga ƙasar da zai je. Wa zai ɗauki asarar?

Mun ɗauki ƙasar Birtaniya a matsayin misali saboda miliyoyin mutanenta ne ke zuwa hutu ƙasashen waje kowace shekara ta hannun kamfanoni, kuma a can an yi jayayya a kan wannan batu har hukumomi suka shiga tsakani. Abin da za mu nuna shi ne cewa alkawarin kamfani yana tsayawa ne a kan abin da ke hannun kamfanin, wato jirgi da masauki da kuɗin da ya karɓa. Umurnin gwamnati kuwa a kan matafiyi yake sauka, kuma shi ke ɗaukar nauyinsa, sai dai idan an rubuta akasin haka a cikin yarjejeniya.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Tafiyar dunƙule: ita ce wadda kamfani ɗaya ke haɗa wa mutum kujerar jirgi da masauki, wani lokaci har da abinci da motar ɗauka, a kan farashi guda. Ta yi kama da yadda kamfanonin jirgin yawo ke shirya wa masu zuwa Umara a nan gida.

Killacewa: ita ce a tilasta wa matafiyi zama a wuri ɗaya na wasu kwanaki ba tare da cuɗanya da jama'a ba, ko da bai nuna alamar cuta ba. Iri biyu ce: akwai ta gida, akwai kuma ta otal ɗin da gwamnati ta zaɓa. Haka kuma tana iya kasancewa a ƙasar da aka je, ko a ƙasar mutum bayan ya dawo.

Shawarar Ma'aikatar Harkokin Waje: ita ce sanarwar da wannan ma'aikata ta Birtaniya ke bayarwa cewa kada a je ƙasa kaza sai da larura. Shawara ce, ba ta hana jirgi tashi, amma galibin kamfanonin inshora ba sa biyan diyya ga wanda ya saɓa mata.

Abin da Doka Ta Tanada Kafin Annoba

Dokar tafiyar dunƙule ta Birtaniya ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2018. Ta tanadi cewa idan kamfani ya soke tafiya, wajibi ne ya mayar wa mai saye da kuɗinsa gaba ɗaya cikin kwana 14. Ta kuma ba matafiyi damar fasa tafiya ba tare da an cire masa ko kwabo ba, idan wani babban al'amari da ba a iya kauce masa ya auku a wurin da zai je ko kusa da wurin, har ya shafi hutun ko kai fasinjoji can. Wanda ya sayi tikitin jirgi kaɗai kuwa wata doka ce dabam ta shafe shi: idan kamfanin jirgin ya soke tashi, zai mayar da kuɗi cikin kwana 7.

Ya kamata a lura da kalmar "wurin da zai je", domin a kanta rigimar ta ta'allaƙa. Killacewar da ake yi wa mutum bayan ya dawo, a gidansa take faruwa. Jirgi ya tashi, otal yana buɗe, kamfani ya cika abin da ya sayar. Saboda haka kamfanoni da yawa suka tsaya a kan cewa dokar ba ta tilasta musu mayar da kuɗi don kawai mutum zai zauna a gida mako biyu bayan dawowarsa ba.

Akwai kuma tsarin ATOL, wanda Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Birtaniya ke gudanarwa. Shi wannan yana kare matafiyi ne idan kamfani ya durƙushe, kamar yadda aka gani a watan Satumba na 2019 lokacin da kamfanin Thomas Cook ya karye, aka kwaso mutane wajen 150,000 zuwa gida. Mutane da dama sun ɗauka cewa takardar ATOL za ta biya su duk wata asara, alhali ba ta da alaƙa da killacewa.

Yadda Dokokin Killacewa Suka Riƙa Sauyawa

Yankunan Birtaniya huɗu kowanne yana da ikon tsara dokar lafiyarsa, don haka ranakun da za mu kawo na yankin Ingila ne, ko da yake sauran sukan bi sahu da ɗan bambanci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris, 2020. Ranar 17 ga watan, Ma'aikatar Harkokin Waje ta shawarci 'yan ƙasar da su dakatar da duk tafiyar da ba ta zama dole ba. Daga 8 ga Yuni, duk wanda ya shigo ƙasar sai ya killace kansa kwana 14, wanda ya karya dokar kuma tararsa fam 1,000. Ranar 10 ga Yuli aka sassauta, aka fitar da jerin ƙasashe fiye da 50 waɗanda mai dawowa daga cikinsu ba sai ya killace kansa ba. Sifaniya da Faransa suna cikin jerin, jama'a kuwa suka yi ta sayen tafiya.

Mako biyu kacal bayan haka, da yammacin Asabar 25 ga Yuli, gwamnati ta sanar da cire Sifaniya daga jerin, dokar kuma ta fara aiki da tsakar daren ranar. Waɗanda ke can suka wayi gari da sanin cewa kwana 14 na jiransu a gida. Ministan sufuri na lokacin, Grant Shapps, shi kansa yana hutu a Sifaniya, sai da ya katse hutun ya dawo ya killace kansa. An maimaita irin wannan a kan Faransa: an yi sanarwa ranar 13 ga Agusta, doka ta fara aiki da ƙarfe 4 na asubahin 15 ga watan.

A watan Disamba na 2020 an rage kwanakin daga 14 zuwa 10. Ranar 15 ga Fabrairu, 2021 aka fara killacewar otal ga masu zuwa daga ƙasashen da aka sa a jerin ja, a kan fam 1,750 ga babban mutum ɗaya, daga aljihunsa. An ƙara kuɗin zuwa fam 2,285 ranar 12 ga Agusta na wannan shekara. Daga 17 ga Mayu, 2021 aka raba ƙasashe gida uku: kore, ruwan ɗorawa da ja. Fotugal na cikin ƙasashe da yankuna 12 da aka fara sanyawa a jerin kore, amma ranar 8 ga Yuni aka mayar da ita ruwan ɗorawa, mako uku bayan buɗe hanya. An janye dukkan ƙa'idojin shiga ƙasar ranar 18 ga Maris, 2022.

Ire-Iren Alkawuran Kamfanoni

Da kamfanoni suka ga jama'a na ɗari-ɗarin biyan kuɗi, sai suka fito da alkawura domin kwantar da hankalin masu saye. Idan muka tattara su, ba su wuce iri huɗu ba.

Na farko, alkawarin mayar da kuɗi idan kamfanin ne ya soke tafiya. Wannan dama doka ta riga ta wajabta shi, don haka ba wata alfarma ba ce.

Na biyu, alkawarin sauya rana ko sauya ƙasa ba tare da biyan kuɗin sauyi ba. A nan kuɗin mutum yana nan a hannun kamfani, kuma idan sabuwar ranar ta fi tsada shi zai cika.

Na uku, alkawarin cewa ba za a kai mutum inda aka san za a killace shi da isarsa ba. Kamfanin TUI, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin hutu a ƙasar, ya yi irin wannan. Mai karatu zai lura cewa maganar killacewa a can ake yi, ba ta shafi wadda za a yi masa bayan ya dawo gida ba.

Na huɗu, inshorar da ke biyan kuɗin magani ko ƙarin kwanakin otal idan mutum ya kamu da cutar yana can. Wannan ta shafi wanda gwaji ya nuna yana da cutar ne. Lafiyayyen da sauyin doka ya rutsa da shi yawanci ba ya ciki.

Duk waɗannan alkawura suna da amfani. Matsalar ita ce babban rubutun talla yakan sa mutum ya ji kamar an ɗauke masa dukkan haɗari, sharuɗɗan kuwa suna can ƙasa cikin ƙananan haruffa.

Halaye Uku da Ya Kamata a Bambanta

Hali na farko: kamfani ya soke tafiya. A nan haƙƙin matafiyi a bayyane yake, kuɗinsa ne cikin kwana 14. A farkon annobar kamfanoni da dama sun kasa cika wannan wa'adi, suka riƙa bayar da takardar shaidar bashi wadda za a yi wata tafiya da ita nan gaba. Ranar 18 ga Yuli, 2020 gwamnati ta amince tsarin ATOL ya tsaya wa waɗannan takardu idan kamfani ya karye, amma karɓarsu zaɓi ne, mai son kuɗinsa yana da ikon ya nace.

Hali na biyu: Ma'aikatar Harkokin Waje ta ce kada a je, amma jirgi yana tashi. Ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye ta ABTA ta tsaya a kan cewa mambobinta su mayar da kuɗi a irin wannan hali. TUI da Jet2 sun dakatar da tafiye-tafiyensu zuwa Sifaniya bayan shawarar ma'aikatar. Amma kamfanonin On the Beach da Loveholidays, waɗanda ke sayen kujeru daga wasu kamfanonin jirage, sun ƙi amincewa da matsayin ƙungiyar, suka fice daga cikinta a watan Satumba na 2020. Hujjarsu ita ce kamfanonin jiragen ba su mayar musu da kuɗin kujera ba tunda jiragen suna tashi.

Hali na uku: babu shawarar hana zuwa, jirgi yana tashi, amma akwai killacewa bayan dawowa. Wannan shi ne inda matafiyi ba ya da madafa. An ga misalinsa a fili a kan tsibiran Kanari da Baliyarik na Sifaniya: daga 26 ga Yuli, 2020 mai dawowa daga can sai ya killace kansa, amma shawarar hana zuwa ba ta shafe su ba sai ranar 27 ga watan. Haka kuma a 2021 jerin launuka ma'aikatar sufuri ce ke fitar da shi, shawarar tafiya kuma ma'aikatar harkokin waje, jerin biyu ba kullum suke dacewa ba. Wanda ya fasa tafiya a wannan hali, sharuɗɗan fasawa na yau da kullum ne ke hawa kansa, waɗanda kan cinye mafi yawan kuɗin ko dukkansa idan ranar tashi ta matso, sai fa idan kamfanin ya yi masa sassauci don kansa.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗin tafiya ba. Gwamnati ta bayyana cewa wanda ya killace kansa saboda dawowa daga waje ba ya cikin masu karɓar kuɗin hutun rashin lafiya da doka ta tanada. Ma'aikacin ofis yana iya aiki daga gida, amma direba da magini da mai aikin shago sun rasa albashin mako biyu, babu kamfanin hutu da ya ɗauki nauyin wannan.

Matakan da Hukuma Ta Ɗauka

Hukumar Kula da Gasa da Kasuwanni ta Birtaniya ta bi sawun kamfanonin da suka riƙe kuɗin jama'a bayan sun soke tafiya. A watan Oktoba na 2020 ta sa Virgin Holidays ya ɗauki alkawarin kammala biya, a kan buƙatun mayar da kuɗi da suka kai fam miliyan 203. A watan Disamba Loveholidays ya amince zai mayar da sama da fam miliyan 18 ga mutum 44,000, Lastminute.com kuma sama da fam miliyan 7 ga mutum fiye da 9,000.

Amma ikon hukumar yana da iyaka. A watan Yuni na 2021 ta fara binciken British Airways da Ryanair kan ƙin mayar da kuɗi ga fasinjojin da dokar kulle ta hana fita alhali jiragensu sun tashi. A watan Oktoba ta rufe binciken, tana mai cewa dokar ba ta fito ƙarara ta ba fasinja wannan haƙƙi ba. Wannan ya nuna cewa ko hukuma ta fi samun nasara ne inda kamfani ya soke tafiya da kansa. Inda umurnin gwamnati ne ya hana mutum tafiya, doka ta bar giɓi.

Akwai kamfanin da ya zaɓi wata hanya. A watan Mayu na 2021 On the Beach ya dakatar da sayar da tafiye-tafiyen watannin Yuni da Yuli da Agusta, saboda rashin tabbas a kan jerin launukan.

Yadda Lamarin Ya Shafi Najeriya

Bayan ɓullar nau'in cutar da ake kira Omikron, Birtaniya ta sanar ranar 4 ga Disamba, 2021 cewa ta sa Najeriya a jerin ja, daga ƙarfe 4 na asubahin 6 ga watan. Baƙi masu bizar ziyara ba su da damar shiga, 'yan ƙasa da mazauna can kuma sai sun biya fam 2,285 na killacewar otal. Lokacin ya zo daidai da dawowar jama'a gida don hutun ƙarshen shekara da bukukuwan aure. Gwamnatin Najeriya ta yi tir da matakin. An soke jerin ranar 15 ga Disamba, kwana tara bayan fara aikinsa a kan Najeriya, amma waɗanda suka sauka a tsakanin sun riga sun shiga otal.

A nan gida ma an rufe filayen jiragen sama ga jiragen ƙasashen waje ranar 23 ga Maris, 2020, aka sake buɗe na Legas da Abuja ranar 5 ga Satumba. An wajabta wa mai shigowa killace kansa kwana 7 da yin gwaji da kuɗinsa. A watan Janairu na 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da fasfo ɗin mutum 100 na tsawon wata shida saboda ƙin yin gwajin.

Abin da ya fi taɓa jama'armu shi ne tafiyar ibada. Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara daga waje ranar 27 ga Fabrairu, 2020, lokacin da wasu sun riga sun biya kamfanoni. Hajjin 2020 mazauna ƙasar ƙalilan ne suka yi shi, na 2021 kuma an taƙaita shi ga mazauna 60,000. An ba maniyyatan da suka ajiye kuɗi a hukumomin jin daɗin alhazai zaɓin karɓar kuɗinsu ko barinsu zuwa wata shekara. Da aka sake buɗe Umara ga baƙi ranar 1 ga Nuwamba, 2020, an sharɗanta musu zaman kwana uku a otal kafin fara ibada. A duk waɗannan, tambayar ɗaya ce da ta Birtaniya: me takardar yarjejeniya ta ce?

Shawarwari Ga Jama'a

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa na korona ranar 5 ga Mayu, 2023, dokokin da muka ambata kuma sun daina aiki. Amma wata annoba ko rikici na iya sa a rufe iyaka ba tare da sanarwa mai tsawo ba. Don haka muna ba da waɗannan shawarwari ga mai niyyar biyan kamfani kuɗin tafiya:

1. A nemi yarjejeniya a rubuce da rasit mai ɗauke da sunan kamfani. Wanda bai iya karatu ba ya sami amintaccen da zai karanta masa kafin ya biya.

2. A tambaya ƙarara: idan kamfani ya soke tafiya, kuɗi za a mayar ko wata rana za a bayar, kuma cikin kwana nawa?

3. A tambaya: idan gwamnatin wata ƙasa ta rufe iyaka ko ta sa killacewa, a can ko a nan, wa zai biya otal da gwaji da sabon tikiti?

4. Kada a yi gaggawar fasa tafiya da kai idan akwai alamar kamfanin zai soke ta, domin wanda ya fara fasawa shi ke biyan kuɗin fasawa. A fara tuntuɓar kamfanin a rubuce.

5. A tabbatar kamfanin Hajji ko Umara yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, kuma a biya ta asusun kamfanin a banki, kada a damƙa wa dillali kuɗi a hannu.

6. A ware wani abu na ko-ta-kwana, domin ƙarin kwanaki a ƙasar waje suna cin kuɗi.

Ga Jami'an da Ake Kawo wa Ƙorafi

Idan aka kawo irin wannan ƙara gaban hakimi ko dagaci ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, abu na farko shi ne a gano wanda ya soke tafiyar: kamfani, ko matafiyi, ko umurnin gwamnati. Sai a duba takardar yarjejeniya da ranar da aka biya da ranar da dokar ta fito. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba mai saye damar fasa abin da ya riga ya kama wuri a kansa, tare da biyan kuɗin fasawa daidai gwargwado. Idan sulhu ya gagara, ana iya kai ƙorafin tikitin jirgi ga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, na Hajji da Umara ga Hukumar Alhazai ta Ƙasa ko hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, sauran kuma ga Hukumar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya.

Kammalawa

Hausawa na cewa alkawari kaya ne, amma kowa yana ɗaukar kayan da ya amsa ne. Kamfani ya amsa jirgi da masauki da kuɗin da aka ba shi, kuma a kan waɗannan ana iya kama shi, kamar yadda hukumar Birtaniya ta yi a 2020. Kwanakin killacewa da kuɗin otal da albashin da aka rasa kuwa sun zauna a wuyan matafiya. Muna kira ga jama'a da su yi waɗannan tambayoyi tun kuɗi yana hannunsu, kuma su adana takardunsu har sai sun dawo gida lafiya.